Sitiyarin Tirelar Alhaji

Ina zaune a tashar Jimeta da farantin dakuwata, shekarar da aka ce mun zama Jihar Arewa Maso Gabas, sai ga wani direba da sitiyarin mota a kafaɗa. Ya sauke shi kan benci, kusa da wani mai jar hula.

Mai jar hula ya ce, "Sannu direba. Ina sauran motar?"

"Tana Luggere, ƙofar gidana. Tirelar Alhajinmu ce. Ya ce in ta ɓata, ni ma in ɓata."

"Shi ne ka ciro wannan?"

"Ko masallaci da shi nake zuwa. Ɓarawo ya shiga, ya riƙe me? Iska?"

"Kayya, Bappa! Ai babbar sifana ta isa. A damƙe ƙarfen da sitiyarin ke zama a kai da ita, a yi ta murɗawa. Har Numan an kai wata a haka."

"Wa ya kai ta?"

"Mutane dai. Sai ciwon kafaɗa na kwana biyu, in ji su. Ka cire batir?"

"A'a."

"Kare fa?"

"Matata ba ta son kare."

"Madalla. Wato, assha. Luggere ta wajen ina?"

"Bayan injin niƙa, gida mai..." Direba ya tsaya, ya dube shi sama da ƙasa. "La'ilaha! Ƙila abokanka suna can!"

Ya zabura da gudu, ya bar sitiyari a benci.

Mai jar hula ya ɗauka, ya gwada shi hagu da dama, ya dube ni.

"Inna, bari in kai wa bawan Allah kayansa. Bayan injin niƙa ya ce, ko?"