Abin da Bature Ya Ce Kan Ƙanena

Assalamu alaikum mai gabatarwa, ina gaishe ka tare da masu saurare. Garba ne daga Dakko.

Ƙanena Sani lebura ne a madatsar Bakolori. Damina ta kama bai zo gida ba, Inna ta tura ni nemansa. Na tarar an sallami abokan aikinsa, sun watse. Na tambayi Baturen da ke kula da su, ya ce, "He has gone," ya shige mota.

Turancina na firamare ne, sai na kai maganar Talata Mafara wurin Malam Yohanna, wani akawu. Ya ce, "Da has been ya ce, to ya je ya dawo. Amma has gone, ya tafi ke nan, kuma har yanzu yana can."

Na ce, "Can ina, Malam?"

Sai ya ce wani lokaci haka Turawa suke faɗi in mutum ya rasu.

Ban gaya wa Inna wannan ba. Kullum tana tambayata me Bature ya ce, ni kuwa na rasa da wace Hausa zan mayar mata. Masu ilimi, don Allah ku ba ni shawara. Sani, in kana ji, aiko ko da saƙon baki ne.