Kada a Binne Rijiyar Aghali

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu.

Mai girma Purefe, shugaban gundumar Balbeji, wakilin mai martaba sarki, magajin garin Tarka, limamanmu da malamanmu, tsofaffin sojoji abokan aikin marigayi. Hajiya Radiya mai ɗakinsa, da 'ya'yansa Haris da Ramla. Jama'ar Damargu baki ɗaya, assalamu alaikum. Na so in gaida shugabannin makiyaya, amma na duba tabarmin nan duka ban ga ko ɗaya ba. Za mu zo kan wannan.

Ni ne Hashimu, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko. An ce in yi magana a madadin garin nan a wannan addu'a ta arba'in, don tare muka yi kiwon awaki da Kumandan Abdulgafar Jika, tare aka kai mu lakwal a Tanut. Shi ya bi soja, ni na bi alli. Wallahi ban taɓa zaton ni zan tsaya in yi maganarsa ba ya nan ba, kuma zuciyata ba ta daina ciwo ba.

Ya kasance mutum mai yawan tambaya tun muna yara, har malamai su gaji da shi. Ya kasance soja da ya yi aiki a arewa da gabas, ya dawo gida bayan ritaya ba ya ba kowa labarin jarumtakarsa. Ya kasance mai tsokana. In na je gidansa sai ya ɗaga murya ya ce, "Hajiya, ɓoye shayin, malamin lakwal ya iso." Ni kuwa in zauna in shanye, in ƙara.

Kun san abin da ya same mu. 'Yan bindiga a kan babura suka addabi arewacin kwarin Tarka, suna kore raƙuma da shanu, suna tare hanyar kasuwa. Aka kira taro a nan garin, aka gayyato Kumandan ya ba da shawara. Ina wurin. Ya bar kowa ya yi ta zuba, sannan ya ce, "A makarantar hafsoshi abu na farko da ake koya mana kafin a fita yaƙi shi ne, ka gano inda ƙarfin abokin gaba yake. Ba abin da ya fi ba ka tsoro ake nufi ba. Abin da in ka zare shi, sauran su zube. To, ina ƙarfin mutanen nan yake?"

Wani ya ce bindiga. Kumandan ya ce, "Karɓe goma yau, gobe su sayo wasu." Wani ya ce babur da mai. Ya ce, "Ka matso kusa, amma mai ta hanyoyi da yawa yake shigowa, ba za ka toshe su duka ba." Sai Alhassan, shugaban samarinmu, ya miƙe ya ce ruwa ne. Ya ce kowa ya san a rijiyar Aghali suke sha, rijiyar nan ta Abzinawa da ke bakin daji, don haka a cika ta da yashi a huta. Jama'a suka amsa. Ni ma kaina na gyaɗa kai, don maganar ta yi kama da hankali.

Kumandan ya dube shi ya ce, "Alhassan, ɗana, mutum nawa ke sha a rijiyar nan? Ɓarayi 'yan kaɗan, makiyaya kuwa da matansu da 'ya'yansu da dabbobinsu ba iyaka. Ka binne ta, ɓarayi su hau babur su nemi wata. Mai tumaki ya je ina? Ranar nan ka miƙa wa ɓarayi dajin gaba ɗaya kyauta."

Daga nan ya faɗi abin da ya gano. A dajinmu ba a hana baƙo ruwa, ba a kuma tambayarsa sunansa sai ya sha. Al'adar kakanni ce, ita ta raya matafiya a ƙasar nan. Don haka makiyaya suna ganin ɓarayin nan ido da ido, sun san baburansu, sun san inda suka nufa. Amma ba sa faɗa. Me ya sa? Saboda duk makiyayin da ya shigo gari da labari, mu ne muke fara nuna shi da yatsa mu ce, kai ta yaya ka sani, ai da kai ake yi. Kumandan ya ce, "Ƙarfinsu shi ne shirun makiyaya. Kuma shirun nan mu muka gina musu shi da bakinmu."

Jama'a, an ji kunya a wurin nan.

Bai tsaya ga magana ba. Dattijo da ciwon gwiwa, ya riƙa ɗaukar shayi da sukari yana zuwa rijiyar. Ya zauna, ya ja guga tare da makiyaya, ya sha, ya yi musu barka da kiwo. Bai tambaye su komai ba. Aghali, makiyayin da ake kiran rijiyar da sunansa, ya gaya mini da bakinsa cewa sai da suka gaji da jiran tambayar, sannan wata rana shi ya ce, "Kumandan, ba ka son labari ne?" Kumandan ya ce, "In ka ba ni zan karɓa, kuma sunanka ba zai fita daga bakina ba." Daga nan labari ya fara isa ga jandarmomi a kan lokaci. Raƙuma suka dawo hannun masu su. Hanyar kasuwa ta buɗe, matanmu suka koma kai nono da gero ba fargaba. Duk wanda ke zaune nan ya ci moriyar wannan.

Ɓarayin ma ba wawaye ba ne. Su ma sun zauna sun tambayi kansu inda ƙarfinmu yake, suka ga dattijo ɗaya ne mai zuwa rijiya. Suka tare shi da hantsi yana dawowa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Hajiya Radiya, kin yi rashin da ba mu da bakin lallashinki. Kin sha ce masa ya rage zuwa dajin nan, ya ce miki in bai je ba wa zai je. Ki yafe mana, mu ya tafi yi wa aiki. Ramla, 'yata, ki yi haƙuri, ubanki bai mutu a banza ba.

Haris, ɗana, yanzu da kai nake. Na ji abin da ake shiryawa. Na ji an ce wani makiyayi ne ya nuna musu hanyar ubanka, kuma samari sun tanadi amalanke da shebur, suna jiran a watse daga nan su bi ka a binne rijiyar. Shi ya sa ba makiyayi ko ɗaya a tabarmin nan. Wa ya nuna hanyar? Ban sani ba. Kai ma ba ka sani ba. Abin da na sani shi ne, Aghali ne ya tsinci ubanka a kan yashi, ya lulluɓe shi da rawaninsa, ya ɗora shi a raƙumi ya kawo shi har ƙofar gidanku, alhali ya san abin da za a iya yi masa. Kana Damagaram lokacin, ba ka gani ba. Ni na gani.

Fushinka halal ne, ni ma ina da irinsa. Amma in yashi ya shiga rijiyar nan, makiyaya za su rufe baki har abada, kuma abin da waɗanda suka kashe ubanka suke so ke nan. Za ka ƙarasa musu aikin da hannunka.

Aghali yana bayan katangar nan tun safe, a rana, bai iya shigowa ba. Ni ba zan aika kowa ba. Gidan ubanka ne, kai ne babba a cikinsa yanzu. Liman ba zai ɗaga hannu ba sai mun ga abin da ka yanke. Za mu jira.

Madalla, ɗana, ka je ka shigo da shi da kanka. Allah Ya yi maka albarka. Ku matsa, jama'a, ku ba su wuri. Alhassan, miƙo wa baƙo ruwa.

Muna godiya ga hukuma, da malamai, da duk wanda ya taso daga Tanut, Olelewa da Falanko. Allah Ya mai da kowa gida lafiya. Ya Allah Ka jiƙan bawanKa Abdulgafar, Ka yafe kurakuransa, Ka haskaka kabarinsa, Ka ba iyalinsa haƙuri. Ka zaunar da Damargu lafiya, gari da daji. Ka shayar da shi daga tafkin Annabi, kamar yadda ya hana a bar bayinKa da ƙishirwa. Amin.

Malam liman, bismillah.