Maƙwabcina Danjuma ya yi magana, ban gane ba

Assalamu alaikum mai gabatar da shiri, Allah ya ƙara basira. Ni ne Malam Garba, manomi daga Saminakar Birnin Gwari.

A ƙauyen nan aka haife ni, nan na yi aure, nan na aurar da 'ya'yana. Maƙwabcina Danjuma mutumin Gbagyi ne, Kirista. Tare muka yi farautar gafiya muna yara, tare muke gayyar noma har furfura ta kama mu. Duk tsawon zaman nan da Hausa yake min magana. Ni kuwa ko gaisuwa ban iya da harshensu ba, ban ma taɓa tambaya ba.

Bana shanyewar ɓarin jiki ta same shi, Hausar ta gudu daga bakinsa, sai harshen mahaifiyarsa ya rage. Rannan na je duba shi, matarsa Ladi ta tafi rijiya. Ya riƙe hannuna yana ta maimaita wata magana. Ni sai "to, to, sannu" nake cewa, har ya gaji ya juya fuska bango.

Da Ladi ta dawo ta saurare shi, sai ta ce min, "Baban Hadiza, ruwa yake roƙon ka."

Jama'a, randar tana gefen ƙafata! Wallahi har yau kunya ta hana ni komawa.

Ku ba ni shawara, tsoho kamata zai iya koyo? Ladi, in kina ji, gobe ina tafe. Ki fara koya min sunan ruwa.