Muryar Hajiya Sakinatu a Cikin Woro-Woro

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan sadakar bakwai ta marigayiya, na shiga woro-woro, tasin haɗaka, daga Adjamé zan dawo Treichville, sai na ji muryar Hajiya Sakinatu tana fita daga wayar wani mutum da ke kujerar gaba. Da farko daɗi na ji, har bakina ya soma amshi ban sani ba. Sai na ji ta kira sunan Afra'u. Mutumin ya juyo yana dariya, ya ce mini, "Hajiya, ba ki samu ba? Ta amaryar Saminu ce. Duk tashar Gare de Bassam an samu." A nan na gane cewa waƙar ɗaki ta fita titi.

Ku gafarce ni, na fara magana ban gaida manya ba. Malam Inusa limaminmu, ina gaisuwa. Dattawan unguwa, na Nijar da na Najeriya, da shugabannin 'yan kasuwa, ina gaisuwa. Alhaji Mansur da Jamilatu, 'ya'yan marigayiya, da jikoki, yako, Allah ya ba ku haƙuri. Iyayena mata da ƙannena da kuka cika rumfar nan, sannunku da zama. Ni ce Kande, 'yar amshinta. Karatuna bai yi nisa ba, don haka yadda abin yake a zuciyata haka zan faɗa.

Ta kasance mawaƙiyarmu shekara arba'in da ɗaya. Daga Damagaram ta zo tana yarinya, mijinta yana fataucin fata, ita tana sayar da fura a bayan babban masallaci. A wani suna aka rasa mai kiɗa, ta kifa ƙwarya a kan ruwa ta buga, daga ranar ba ta ƙara dama fura don sayarwa ba. Wadda ta yi wa waƙar suna, ita ta yi wa ta aure, ta kuma dawo ta yi wa 'yarta. A nan akwai gidajen da ta yi wa kaka da uwa da jika.

Ta kasance ba ta tsoron sabon yayi. Mun ga zamanin kaset ya zo ya wuce. Mun ga 'yan mata masu lasifika da fiyano, muryoyi masu daɗi wallahi, a yi shekara biyu ana rububinsu, sai a daina jin ɗuriyarsu. Ba ta taɓa zagin ko ɗaya ba. In an kawo mata gulma sai ta ce, "Ku bar yarinya ta ci lokacinta." Lokacin rikicin ƙasar nan, da mutane suka yi ta komawa gida, ita ba ta tafi ba. Ta ce wanda ya rage ma zai aurar da 'ya.

Ta kasance mai tsokana. In na makara da amshi, a gaban jama'a za ta ce, "Kande, hankalinki na wajen kwanon aceke da kifi, ko?" Mata su yi ta dariya, ni kuma in ji kunya, in dawo daidai.

Wasu suna cewa asiri gare ta, shi ya sa ta daɗe. Ni da na ɗauki ƙwaryarta shekaru, ban ga laya ba, ban ga turare ba. Abin da na gani shi ne riƙon amana.

Maza, ku ba ku san waƙar ɗaki ba, bari in gaya muku iyakar abin da ya halatta. Ranar lalle, kafin la'asar, Hajiya takan keɓe da uwar amarya ta tambaye ta halin yarinyar, abin da take tsoro, ciwon da take ɓoyewa. Sannan a rufe ƙofa, mata zalla, ta saka duk wannan cikin waƙa, ta yi wa amarya faɗa, ta lallashe ta, ta gaya mata abin da uwa ba ta iya faɗa da bakinta. Wani mai shagon kaset a Adjamé ya bi ta shekaru yana roƙo. Ta ba shi waƙoƙin fili duka. Ta ɗaki kuwa ta ce masa, "Wannan ba tawa ba ce balle in ba ka. Ta amarya ce."

Da wayoyi suka yi yawa, sai ta kawo doka. Kafin ta buga, a zagaya da tasa, kowace mace ta saka wayarta, a rufe da zane a ajiye a waje. Bikin Afra'u shi ne na ƙarshe da ta yi, tana zaune a kujera, numfashi yana yi mata wuya. Ni na zagaya da tasar, kowa ta saka. Amma mu matan kasuwa, wace ce ba ta da waya biyu, ɗaya ta nan, ɗaya ta kiran gida? Wata ta ba ni ɗaya ta riƙe ɗaya.

Ba baƙuwa ba ce. Babu baƙuwa a ɗakin nan. Duk wadda ta shiga ranar, yau ina ganin fuskarta a rumfar nan, ta sha anko, ta yi mana yako, wato ta'aziyya. Na tuna wadda ta zauna dab da ƙafar Hajiya, jaka a cinya, ba ta tafa ba ko sau ɗaya. Na tuna wadda ta taɓa ce mini, "Kande, tsohuwar nan haka za ta tafi da waƙoƙinta?" Wataƙila ba su ba ne, Allah ya yafe mini zato. Amma abin da aka ja mana ke nan, yanzu kowa nake kallo. Ni ma ana kallona, na sani. Jiya na shiga wani gida gaisuwa, ana hira, sai aka yi shiru.

Ke da kika ɗauka, mai yiwuwa don ƙauna kika yi, kin ga ta tsufa kina son ki ajiye muryarta. To ki sani Afra'u ta daina zuwa kasuwa. Abin da uwarta ta faɗa a ɓoye, yau direbobi ke rera wa mijinta in ya zo wucewa. Gidaje biyu sun aiko mini cewa bikinsu na bayan Salla a yi na fili kawai, ba sa son na ɗaki.

Alhaji Mansur, Jamilatu, kun kira ni kun ce in karɓi ƙwaryar mahaifiyarku in ci gaba. Na gode da wannan girma, amma ku riƙe ta tukuna. Ba zan zaunar da uwar kowa in ce ta gaya mini sirrin 'yarta ba, alhali ban san wadda ke zaune a bayana ba. Ban ce a tona kowa a gaban jama'a ba. Ƙofata a buɗe take. Ta zo, in raka ta wajen Afra'u da uwarta ta nemi gafara, magana ta mutu a tsakaninmu mata. Maza kuma, Malam, a taimaka a yi musu magana, duk mai ita a wayarsa ya goge.

Na gode wa duk wanda ya taka ya zo, da waɗanda suka dafa, da waɗanda suka kafa rumfa. Allah ya jiƙan Hajiya Sakinatu, ya haskaka kabarinta, ya rufa mata asiri a can kamar yadda ta rufa na 'ya'yanmu a nan. Allah ya sa mu cika da imani. Amin.

Yau kwana arba'in da rasuwarta. Har yanzu waƙar tana yawo, kuma ba wadda ta je ta ba Afra'u haƙuri.