A Sauko Mana da Ɗan Famfo

Mai girma shugaban taro, malamai masu sharhi da ke sahun gaba, masu zanen da tawada ba ta barin faratansu, iyayenmu mata, matasa, har da waɗanda fanka ce kawai ta shigo da su, assalamu alaikum.

Ina godiya da aka miƙa wa mai aski lasifika. A shagona ake karanta labaran zanen nan da yaranmu ke bugawa da kansu, har bango ya rabu da ciki, saboda haka ina da ta cewa, musamman kan *Ɗan Famfo*, wanda 'yar ƙanwata ke zanawa.

Na farko, masu sharhi sun rubuta cewa ba ta iya zana hannu ba. Wannan gaskiya ne. Ana gaisuwa, hannu na aljihu. Ana dambe, hannu na aljihu. Na tambaye ta dalili, ta ce, "Kawu, garin nasu sanyi gare shi."

Na biyu, sun ce labarin ba shi da zurfi. Nan kam mun rabu. Wani tsohon direba yana kan kujerata, na aske masa rabin kai, sai ya kai shafin da jarumin ya gano mahaifinsa ne ke rufe wa unguwa ruwa. Ya ce, "Maigida, dakata." Ya share hawaye da ƙyallen askina, ya fita da rabin gashi ya kira ɗansa da suka daɗe ba sa magana.

Na uku, kuma shi ya kawo ni. Tun da sharhin ya fito yarinyar ta ajiye alƙalami, ta ce ta daina. Ta bar mana Ɗan Famfo rataye a saman tanki, yana riƙe da ƙarfe da haƙora. Duk wanda ya shigo shagona ba sallama, sai, "Ya faɗo?"

Malamai, ku yi suka, aikinku ne, amma ku riƙa faɗin abin da ya yi kyau. Ke kuma 'yata, ina hango ki can baya kina rufe fuska da gyale. Ki sauko da bawan Allahn nan. In kin ƙi, wallahi ni zan zana na gaba, kuma kin san ni na zana kan mutumin da ke allon shagona, wanda yara ke kira tukunya.

Allah ya ƙara wa masu zane basira, ya sanyaya alƙalamin masu sharhi, ya mai da kowa gida lafiya.

Na gode.