Sawu a Cikin Gam

A ƙofar shagon kafet, wani dattijo ya tare mai aikin shimfiɗa yana haɗa kayansa.

"Ɗana, me ke cire tsohon gam daga siminti?"

"Kananzir, Baba. Ka jiƙa shi ya sha, sai ka kankare."

"Narkewa zai yi?"

"Tas."

"A'a. Ni so nake ya ɗago yadda yake."

"Gam ɗin shekara nawa?"

"Ashirin da shida."

"Haba, Baba! Ai ko soson da ke ƙarƙashin kafet ɗin ya zama gari. Farfashewa zai yi. Me za ka yi da tsohon gam?"

"Tashi zan yi. Mai gidan ya ce in bar masa ɗakin fes ran Asabar. Da na ɗaga kafet sai ga sawun matata, marigayiya. Ranar da muka shimfiɗa shi ta shigo ba takalmi, ta taka gam ɗin yana ɗanye. Har faɗa na yi mata."

"Allah ya jiƙanta. Ka ɗauki hotonsa mana."

"Na ɗauka. Amma hoto ba a sa ƙafa a ciki, ɗana."