Kajin Kan Tsamiya

A tashar Kawo, ana jiran mota ta cika, wani mai kiwon kaji ya zauna kusa da wata dattijuwa yana tsaki.

"Lafiya, ɗan nan?"

"Ina lafiya, Iya? Ni ke kai wa makarantun gwamnati ƙwan abincin yara. Yau an ce an daina karɓar ƙwan kajin keji, sai na kazar da ke yawo tana shan iska. Kaza fa! Ni kaina a ɗaki ɗaya nake."

"Gaskiya suka faɗa. Kazar da ba ta birgima a toka, ƙwanta lami ne."

"To ke, naki a ina suke birgimar?"

"A Rafin Guza nake, wajen ɗana. Ko wurin shanya babu."

"Kin gani!"

"Amma a garinmu ina da su, jajaye da masu wake-wake. Ban taɓa ɗaure ƙafar ko ɗaya ba."

Ya gyara zama. "Ki haɗa ni da su mana, kada kwangilar ta kuɓuce mini. Wa ke kula da su?"

"Allah. Ranar da 'yan bindiga suka tashe mu, na koma da gudu na buɗe wa 'yan tsaki akurki, na watsa musu sauran dawa."

"Iya, ai yanzu kam..."

"Na sani." Ta ja lulluɓinta. "Amma in ka ji mai zuwa wajen, ka ce ya duba tsamiyar bayan rumbu. Da magariba can suke hawa."